Maƙeri Mai Yatsu Tara

Juma'a, 2 ga Mayu, 2025

Na saki babi na goma sha huɗu da rana tsaka, tsakanin ɗinkin siket ɗin wata mata da sa zif a rigar wata. Kafin in gama zif ɗin waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Mutum ɗari takwas da 'yan kai ne yanzu a guruf ɗin WhatsApp. Debby, ƙawata da ke riƙe mini guruf ɗin, ta ce nan gaba kaɗan sai mun buɗe na biyu.

Wata sabuwar shiga ta tambaya wai labarin mene ne ake ta ihu a kai. Na taƙaita mata. Kande masaƙiya ce, an kashe mata ƙane, sai ta koyi saƙa sunan mutum a cikin baƙin zane. Ranar da ta ja zaren sunan, mai sunan ya tafi ke nan. Amma duk zaren da ta ja, sai ta manta abu ɗaya game da ƙanen nata. Ta ja shida. Saura ɗaya, maƙeri mai yatsu tara, shi ne asalin komai.

A babin yau Kande ta yi amfani da 'yar mai gadi, yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, don ta samo sunan uban. Wani ya rubuto: "Anti, Kande fa ta fi azzaluman mugunta." To, na ce. Wa ya ce muku mutuniyar kirki zan ba ku? Masu kirki suna nan cike da maƙabarta.

Lahadi, 4 ga Mayu

Bayan sujada Mama ta tare ni a kicin. Wata 'yar zumuntar mata ta kai mata rahoto wai ina rubuta tsafi da kisa.

"Asabe, littafin nan naki, ina gafara a cikinsa?"

Na ce tana babi na ashirin da biyar. Mama ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsince shinkafa. Littafin a babi na goma sha takwas zai ƙare.

Na lissafa da kyau, babin ƙarshe zai faɗo ranar Juma'a talatin ga wata, ranar da Yohanna ke cika shekara biyu da rasuwa. Ƙanena, ɗan shekara ashirin da uku, mota ta danne shi a garejin Oga Obinna a Kakuri, bayan tsohuwar masaƙar da Baba ya yi wa aiki. Aka ce tsautsayi ne, jak ne ya zame. Ƙungiyar makanikai ta yarda, coci ya yarda, Mama ma ba ta taɓa cewa komai ba. Ni ban yarda ba. Yohanna ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya tura kututture ya tokare ta, ko da jak goma ne. Ina kututturen ya tafi ranar? Babu wanda ya amsa mini.

Laraba, 7 ga Mayu

Ba wuta tun safe, waya ta mutu. Kande ta huta, ni ban huta ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Babi na goma sha biyar. Yau na nuna musu maƙerin ido da ido. Yatsu tara, ƙaramin na hagu babu. Tsohuwar hula mai kore. Kuma kafin ya sauke kowane ƙarfe daga maƙera sai ya ƙwanƙwasa shi sau uku, ya sunkuya, ya motsa baki, ya yi shiru yana saurare. A littafin na ce aljanunsa yake kira.

Ban ƙirƙiri ko ɗaya ba. Wata bakwai na yi, duk ranar da na rufe shagona na Barnawa da wuri, sai in hau keke napep zuwa Kakuri maimakon gida Narayi, in tsaya wurin mai gasa masara a tsallaken titi ina kallon Oga Obinna. Duk motar da zai sauke daga jak, sai ya buga jikinta sau uku, ya sunkuya ya yi magana da ƙasa. Ko shi kaɗai ne a garejin. Mutum mai farar zuciya me zai kai shi hira da ƙasa?

Masu karatu sun haukace. Wata ta ce ta kasa cin abinci don tsoro. Na ci nawa har da ƙari.

Talata, 13 ga Mayu

Kevin, mai keke, abokin Yohanna tun firamare, ya rubuta a guruf: "Wannan maƙerin ai na san garejinsa." Sai hotunan dariya, sai wani ya ce Kakuri, wani ya ce bayan masaƙa.

Debby ta kira ni. "Asabe, abeg, bari in goge. Abin nan ya fara wuce labari."

Na ce kar ta taɓa. Na ambaci sunan wani? Ban ambata ba. In mutum ya duba madubi ya ga maƙeri, ai ba ni na ba shi fuskar ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

An turo hoto. Ƙofar garejin Obinna, an rubuta da jan fenti, manyan baƙaƙe: MAƘERI, SAURA ZARE ƊAYA. Fentin ma ya tsiyaya ƙasa. An ce masu keke na layin Kakuri zuwa Sabon Tasha duk sun daina kai masa gyara.

Tunda babu mai karanta wannan sai ni, bari in faɗi gaskiya. Na ji daɗi. Na buɗe hoton ya fi sau ashirin, har a cikin coci lokacin da ake waƙa. Shekara biyu yana buɗe ƙofar nan kowace safiya kamar ba a taɓa fito da gawa ta cikinta ba. To yanzu ƙofar ta yi magana.

Debby ba ta gaishe ni ba bayan sujada. Za ta huce.

Laraba, 21 ga Mayu

Ina cikin yanka atamfa sai ga mata ta shigo da yadi a leda. Sai da ta zauna na gane ta. Obiageli, matar Obinna. Rabon da in gan ta tun jana'iza, ta rame.

Ta ajiye ledar ba ta ko buɗe ba. Ta ce ba ɗinki ya kawo ta ba, kunya ce ta hana ta shigowa hannu sake.

Ashe tana cikin guruf ɗina tun babi na uku. Wata maƙwabciyarsu ce ta sa ta. Ta ce tana son Kande, har kuka ta yi ranar da Kande ta manta muryar ƙanenta. Takan karanta wa mijinta in ya dawo aiki, don shi karatun Hausa ba ya masa sauri, sai dai ji.

"Da muka kai wurin yatsu tara na tsaya. Ya ce, ci gaba. Na ce Papa Ugonna, mu bar shi. Ya ce ci gaba, ai ba ta yi ƙarya ba tukuna."

Tukuna! Ji mini mutum.

Ta ce 'yarsu Ugonna, 'yar aji biyar, yara na kiranta 'yar maƙeri a makaranta, sun daina zama kusa da ita. Na ce ni ma an daina kirana yayar Yohanna, kuma ban kai ƙara wurin kowa ba. Da za ta fita ta ce, "Sista Asabe, ban zo in ce ki goge ba. Ki zo ki tsallako titin kawai. Yana ganinki wurin mai masara tun bara."

Ta manta ledarta. Ba zan kai mata ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Babi na goma sha bakwai ya fita. Kande ta gama saƙa sunan maƙerin. Saura ja.

Asabar, 24 ga Mayu

Na zauna in fara babin ƙarshe. Ina son kafin Kande ta ja zaren ta tuna ƙanenta sau ɗaya, ɗan abu kaɗan, irin na gida. Na ce bari in ɗauko daga Yohanna. Na yi awa guda waya na hannuna.

Fuskarsa na zuwa, amma ta hoton da ke falo ce. Dariyarsa fa? Na san yana da dariya mai ban haushi, Mama kan jefe shi da silifa saboda ita, amma na kasa jin ta a kunnena. Obinna kuwa, tambaye ni. Na san ƙarfe nawa yake buɗe gareji, na san rigunansa uku, na san yana tauna goro ta gefen dama.

Gajiya ce. Ɗinkin biki ya yi mini yawa wannan makon.

Da yamma saƙon Kevin ya shigo, ni kaɗai ya turo wa: "Anti Asabe, ke dai ki ja zaren ranar Juma'a. Sauran namu ne. Mu tara ne, kuma mai keke ba ya rasa fetur."

Ban amsa ba. Ban kuma goge ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Na tsallaka titin. Ba don matarsa ta ce ba. Marubuciya ce ni, ina bukatar in ga idonsa kusa kafin in kashe shi.

Garejin fayau, mota ɗaya tak, wata tsohuwar tasi a kan jak. Bai goge rubutun ƙofar ba. Ya share mini benci da hularsa, na ce a tsaye zan tsaya.

Na ce, "Oga, ina kututturen ya tafi?"

Na shirya wa ƙarya. Na shirya wa kuka ma, don na san irinsu. Sai ya duba hannunsa ya ce, "Ni na zare shi."

Ya ce ƙa'idar gareji ce tun yana yaron wani a Sabon Tasha: ba a zare kututture, ba a taɓa jak, sai an buga jikin mota an kira sunan wanda ke aiki, an ji amsarsa. Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo, wani mai mota na tsaye a kansa yana masifa zai makara. Ya waiga bai ga kular abincin Yohanna a kan benci ba, sai ya ɗauka ya tafi cin abinci. Ya ja kututturen zai kai wa ɗaya motar. Ashe Yohanna ya shiga da kular ƙarƙashin mota don kar ruwa ya taɓa ta.

"Ban buga ba. Sau ɗaya a shekara ashirin da shida ban buga ba. Da 'yan ƙungiya suka zo suka ce jak ne, sai na bar su a haka. Tsoro na ji. Ba wani dalili."

Shekara biyu ana ce mini ina da taurin kai, ana yi mini wa'azi, ashe ni ce mai gaskiya. Na so in ɗauki sifana in rotsa masa kai. Maimakon haka na tambaye shi abin da yake faɗa wa ƙasa in ya sunkuya.

"Sunansa. Ina cewa, Yohanna, ka fito? Sai in jira."

"Ka jira me?"

Can sai ya ce wai akwai kuskure ɗaya a littafina. Ni! Mutumin da ya kashe mini ƙane zai gyara mini littafi.

"Ƙanen Kande ba Yohanna ba ne. Wannan ai waliyyi ne, ba ya ko tari. Yohanna ɗan neman magana ne. Ya taɓa zuba mini man birki a kwalbar lemo. In na buga mota na kira shi, kin san me yake cewa daga ƙasa? Sai ya ƙanƙance murya kamar tsohuwa ya ce, ba na gida!"

Sai da na zauna a bencin. Ba na gida. Haka yake yi mini in na buga ƙofar banɗaki da safe zan makara makaranta, da wannan muryar tsohuwar, sai dariyar ta biyo baya. Na ji ta. A garejin mutumin nan na ji dariyar ƙanena, bayan na neme ta a ɗakina na rasa.

Na tashi na ce masa duk abin da ya faɗa zan rubuta. Ya ce in rubuta, haƙƙina ne. Na kai ƙofa ya kira ni.

"Asabe, na ji yaran za su zo. Ba na ce ki hana su ba. Ki dai faɗa mini ranar, don kar Ugonna ta kawo mini abinci."

Ban faɗa masa ba. Na manta ma da ledar matarsa da na riƙo, na dawo da ita gida.

Talata, 27 ga Mayu

Na rubuta mutuwar maƙerin. Kande ta ja zaren a hankali, yatsunsa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa. Ban taɓa rubuta abu mai kyau haka ba. Yana nan a waya, jiran Juma'a kawai yake.

Ya amsa laifinsa da bakinsa. Me kuma ake so in jira?

Alhamis, 29 ga Mayu

Na kasa riƙewa, na faɗa wa Mama abin da Obinna ya ce, tana wanke-wanke. Na ɗauka kwano zai faɗi daga hannunta. Ta ci gaba da ɗauraya.

"Na sani. Wata uku bayan jana'iza ya zo, a nan tsakar gidan ya durƙusa ya faɗa mini."

Na yi mata ihu, Allah ya yafe mini. Na ce don me ba ta gaya mini ba.

"Don ni na haife ki."

Na ce wato ta yafe masa ke nan, ta sayar da jinin ɗanta da durƙuso ɗaya. Ta ce wasu ranakun ta yafe, wasu ranakun in ta gan shi a kasuwa sai ta canza layi. Amma yakan zo farkon kowane wata kina shago, in ji ta, ya zauna ya ba ta labarin Yohanna, abubuwan da ba ta sani ba, na awa goman da yaron ke yi kullum a gareji. "Shi kaɗai ya rage da yake da sabon labarin ɗana. In aka ƙone shi, wa zai ba ni?"

Ban ce mata kowa zai ƙone kowa ba. Ban san inda ta ji ba. Narayi ba ta da sirri.

Juma'a, 30 ga Mayu

Shekara biyu.

Na saki babin ƙarshe ƙarfe biyu. Ba na ranar Talata ba. Wancan na sake karanta shi na ga akwai rami a ciki, shi ya sa, matsalar tsarin labari ce kawai. Kande ta riga ta manta abu shida, in ta ja na bakwai sunan ƙanenta ne zai tafi, kuma maƙerin ne kaɗai ya rage a duniya da ya san yaron. Wace wawuya ce za ta ƙone rumbun da hatsinta ke ciki?

Don haka Kande ba ta ja ba. Ta ɗaure zaren a wuyan hannunta, ta zaunar da maƙerin, ta ce kullum zai ba ta labari ɗaya na ƙanenta, ranar da labari ya ƙare ranar za ta ja. Ba gafara ba ce. In ma an duba, ta fi kisa tsanani.

A ƙarƙashin babin na rubuta: duk wanda ya sake taɓa ƙofar wani da sunan littafina, shi ne mugun littafi na gaba, da sunansa na gaskiya, da lambar kekensa, da abin da ya yi a bayan aji shida. Sannan na kira Kevin.

"Anti, kin sayar da Yohanna."

Na ce Yohanna ƙanena ne, ni na goye shi, ba shi ba. In fetur ya yi masa yawa ya je ya ɗauki fasinja. In na ji ko ashana an ƙyasta a Kakuri, wurin uwarsa zan fara zuwa da saƙon da ya turo mini, daga nan in wuce gaba da shi. Ya kashe waya.

Guruf ya kama da wuta. Wai na yaudare su, wai an ba ni cin hanci, wai fasto ne ya rubuta mini ƙarshen. Mutum ɗari biyu da sittin sun fita kafin magariba. Su tafi. Littafina ne.

Abin da Obinna ya faɗa mini ban sa shi a ko'ina ba. Nawa ne, ni zan riƙe.

Asabar, 31 ga Mayu

Kakuri lafiya. Debby ta kawo mini kunu, ba ta ce komai ba, gara da ba ta ce ba.

Talata, 3 ga Yuni

Na kai wa matarsa ledarta, tunda tana cinye mini wuri a shago. Akwai kuma ragowar shuɗin fenti tun gyaran shagona, yana neman bushewa a banza, sai na haɗa. Ban shafa masa ba. Na ajiye a bakin ƙofa, yana da hannu.

Ban yafe ba. In rubuta shi da kyau don kar wata rana in karanta in ɗauka wani abu: ban yafe ba.

Na tarar ya gama da tasin nan, mai ita na tsaye yana duba agogo. Obinna ya buga jikin motar sau uku, ya sunkuya. Wannan karon ina kusa, na ji.

"Yohanna, ka fito?"

Ya yi shiru yana jira, hannunsa a kan jak. Mai tasi ya dube ni, ya dube shi. Shirun ya yi tsawo.

Na ce, "Ya fito, Oga. Sauke motar."

Bai ɗago ba. Kafaɗunsa kawai na ga suna motsi, ya daɗe a haka kafin ya murɗa jak ɗin, motar ta sauka a hankali ta zauna a kan tayoyinta.

Rana ce ta yi zafi, kuma bawan Allah na jiran motarsa. Shi ke nan dalilin.

Ya ce akwai labarin ranar da Yohanna ya tuƙa motar wani Alhaji da baya har unguwar Makera. Na ce ba ni da lokaci. Alhamis nakan rufe shago da wuri.